Ƙwai Goma Sha Ɗaya

Da asuba nake isa bakin magudana,
kwalabe shida a jaka, safar roba a hannu.
Kumfa ta riga ni tashi,
fara sol, iska na yayyafa ta kan ciyawar alfalfa.
Ruwan kuwa baƙi ƙirin.
Daga birnin Meziko ya kwana yana ratsa ƙarƙashin duwatsu:
wankan miliyoyin mutane, wankinsu, bayan gidansu,
da abin da masana'antu suka zubar ba su faɗa ba.

Nan ne kwarin Mezquital.
Kakata Eufrosina ta ce da tana yarinya
ƙaya kaɗai ƙasar nan take haifa,
sai ka bi akuya wuni guda
ba ka ga ganyen da za ka kira kore ba.
Ran da baƙin ruwa ya iso gonarsu
rawa ta taka har zanenta ya jiƙe.
Wanda ƙishi ya rena, in ji ta,
ba ya tambayar ruwa ɗan gidan wane ne.

Ni aikina ƙirge.
In bar lita guda ta kwanta,
in ɗiga laka kan gilashi, in kafa ido a madubin awo.
Ga su nan, ƙwan tsutsar ciki,
ƙanana, masu kaushin baya, sun yi lamo.
Uku. Bakwai. Sha ɗaya.
Takardar ƙa'ida ta ce kada su wuce ɗaya.
Dalma ma tana nan, sai dai ita ba ta ƙwai,
kwanciya take cikin ƙasa, tana jiran jikoki.

Mahaifina Crispín bai yarda da madubi ba.
"Shekara arba'in ina tsaye cikinsa, Zenaida, ga ni.
Wanda suke tacewa a matatar can
garau yake kamar hawaye,
amma masara ta sha shi ta kwana da yunwa.
Buhun taki nawa ne? Ke za ki saya?
Da kuɗin baƙin ruwa kika yi karatun zagin baƙin ruwa."
Na yi shiru, don bai yi ƙarya ba.
Ƙwaurinsa nake kallo,
duk ya tsage, yana susa bai ma san yana yi ba.

A takardata akwai layin yara 'yan ƙasa da biyar.
Nabor, ɗan ƙanwata, yana ciki:
gudawa sau uku tun faɗuwar damina,
allurar sikeli ta ƙi motsawa wata huɗu.
A can ofis ɗigon biro ne.
A gida shi ne mai laluben aljihuna.

Ranar taro na buɗe allo gaban manoma.
In an tace duka, asibiti zai huta, rumbu ya rame.
In an haƙa tafki ruwan ya kwana biyu,
ƙwan zai nutse, takin ya tsira, amma filin wa za a haƙa?
Na ce kar a ba latas, kar a ba abin da ake ci ɗanye,
a janye ruwa kafin girbi.
Wani dattijo ya ɗaga hularsa:
"Malama, wace hanya ce babu biya?"
Na duba allon sama da ƙasa.
Babu.

Na rubuta sha ɗaya a gurbinsa.
Ban rage don uba ba, ban ƙara don Nabor ba.
Da dare na ci wainar masararsa har huɗu,
da zafinta, da barkono.

Takalman robar da na saya masa
wata biyu suna bayan ƙofa, gizo-gizo ya tare a ɗaya.
Yau da asuba na hango shi tsakiyar gona,
sun kai masa gwiwa.
Bai juyo ba ya ce,
"Sanyi ne kawai. Ɗebi ruwanki ki tafi."